Akwatin Jirgin Da Ya Faɗi

Gab da magariba Injiniya ta koma rumfar jirage, makullin motarta kawai ta je ɗauka. Shekara biyu ta yi tana haɗa na'urar injin jirgin yaƙi da na'urar tuƙinsa, don su riƙa jin maganar juna. Gobe za a gwada a sama, kuma ƙaninta, autan gidansu, shi zai tuƙa.

Abu ɗaya ke cin ranta. Akwatin da ke sarrafa injin, daga jirgin da ya faɗi bara aka ciro shi, wanda ko gawar matuƙinsa ba a samu ba. Ta yi magana, Oga ya ce kar ta kawo masa camfi. Ka san su, in sun kafe sun kafe.

Rumfar tsit, sai warin mai. Can wani wari ya biyo baya, na ƙonannen gashi.

Ƙis. Ƙis.

Ta waiga. Wutsiyar jirgin na motsi, alhali ita da hannunta ta cire batirin.

Ta hau tsanin jirgin ta leƙa. Kujera babu kowa. Sandar tuƙi kuwa ana jan ta baya, ana saki, ana sake ja, irin jan wanda ƙasa ke taso masa.

"Ya ƙi ɗagawa," aka raɗa mata a kunne. "Taya ni."

Wani abu mai zafi ya damƙi wuyan hannunta. Ta fizge, ta faɗo, ta fita da rarrafe.

Da sassafe ta sa makanikai suka canza akwatin. Tana duba kwamfuta ta ga ta makara. Abin ya riga ya bi wayar da ita ta haɗa, ya shige na'urar tuƙi.

"Auta, don girman Allah kar ka hau."

"Haba Yaya, aikinki ne fa. In ban yarda da ke ba, da wa zan yarda?"

Ta roƙi Oga har da hawaye. Ya ce manya sun riga sun zauna kallon gwajin.

Jirgin ya tashi, ya yi juyin da ba a taɓa gani ba, ya sauka sumul. Aka yi ta tafi. Auta ya sauko fuskarsa kamar toka.

"Yaya," ya ce a hankali, "tun da na bar ƙasa ban taɓa sandar ba. Mu biyu ne a ciki. Ya ce yau ɗin koyo yake."

A ranar aka ba da umarnin a kwafi tsarinta a sauran jirage goma sha biyu. Auta ne zai sake tashi ranar Litinin.