Auta da Kwamfutar da Ta Ce Babu Izini

Idon Kaka ya yi rauni, karatu ya fara gagararta. Auta, ƙaramar jikarta, abin ya dame ta.

Wata rana malaminsu ya ba su labarin wata ƙaramar manhaja. Ana ɗora ta a kan burauza, wato inda ake buɗe shafukan intanet. Da an ɗora ta, sai kwamfuta ta riƙa karanta rubutu da murya.

Auta na dawowa gida ta jefar da jaka, ta zauna gaban kwamfutar falo. Ta nemo manhajar, ta danna. Sai wani rubutu ya fito a allo: "Babu izini. A saka kalmar sirri."

"Izini?" in ji Auta. "Ni da gidanmu?"

Ta sake dannawa. Babu izini.

"Kaka, kin ga rainin hankali? Ni ce fa nake goge mata ƙura kullum!"

Kaka ta yi dariya. "Ki jira uwarki mana, sarkin gaggawa."

"Yayana ya san kalmar sirrin. Ni ce ba a yarda da ni ba, don ni ce ƙarama!"

Ta cika ta yi fam. Ta ci gaba da bincike, har ta faɗa wani shafi mai jan rubutu: "Sauke a nan, ba sai da izini ba!" Ko karanta sauran ba ta yi ba, ta danna.

Nan take tallace-tallace suka cika allon. Ta rufe ɗaya, wasu suka ɓullo. Ta tashi sum-sum ta koma gefen Kaka.

Can sai ga Mama. Malamar makaranta ce, kuma a ranar za ta tura wa shugaban makarantarsu tambayoyin jarrabawa. Tana ganin allon ta ƙwala wa Yaya kira.

"Me ka yi wa kwamfutar nan? Kai kaɗai na ba kalmar sirri!"

"Ni?" in ji Yaya. "Wallahi yau ko taɓa ta ban yi ba! Komai ya lalace a gidan nan, ni ne!"

"To aljani ne ya taɓa?"

Idon Yaya ya kawo ruwa don takaici. Auta ta kasa jurewa.

"Mama, ni ce. Kaka ce na so in sa wa abin karatu. Kwamfutar ta ce babu izini, na ji haushi."

"Kina ji ina yi wa yayanki faɗa, kika yi tsit?" in ji Mama. "Ga aikina ya tsaya, ana can ana jira na!"

Yaya ya zauna yana huci. Ya buɗe jerin manhajojin burauza, ya gano baƙuwar, ya goge ta da ƙyar. Mama ta tura aikinta a makare, sai da ta kira shugaba ta ba shi haƙuri. Ta kuma hana Auta taɓa kwamfuta har ƙarshen mako.

Auta ta roƙi Yaya gafara. Mama ma ta ba shi haƙuri.

Da mako ya ƙare, Mama ta zaunar da Auta kusa da ita. Suka nemo manhajar a ainihin shafinta. Suka duba wanda ya ƙirƙire ta, da abin da take neman taɓawa a kwamfutar. Sannan Mama ta saka kalmar sirri. Manhajar ta hau lafiya lau.

Murya ta fara karanta labarai. Kaka ta riƙe baki. "Ikon Allah! Wa ke ciki?"

Kowa ya fashe da dariya.

Mama ta dafa kafaɗar Auta. "Niyyarki mai kyau ce. Amma in kwamfuta ta nemi izini, ba raini ba ne, kare mu take yi. Kada haushi ya sa ki bi ɓarauniyar hanya. Ki tsaya, ki tambayi babba."