Fitila Biyu a Motar Injiniya

Yamma ce irin ta kowace rana. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, kaji sun fara neman makwanci, Injiniya kuma ya tsaya da motarsa a ƙofar gida, ya sauka ya bar wa 'yarsa sitiyari don ta shiga da ita da baya. Shekararta goma sha bakwai, ita kaɗai Allah ya ba su, kuma tun tana rarrafe suke kiranta Aku saboda bakinta ba ya hutawa.

Motar irin mai haɗa batir da fetur ce. Idan tana tafiya a hankali inji ba ya tashi, sai dai ta silale. Masu ƙera ta sun saka mata wata 'yar na'ura a baya da ke kuka idan an sa ribas, don wanda ke kan hanya ya kauce. Injiniya, bakaniken da duk unguwa ke ji da shi, ya sa filaya ya datse wayarta tun makon da ya sayi motar. Ba don komai ba sai don wasa. Shi da Aku suna son su lallaɓo cikin gida yayin da uwarta ke kwashe shanya, ta juyo ta ga mota a bayanta ta zabura, su kuma su yi ta ƙyaƙyata dariya.

Ranar nan tayar baya ta hagu ta hau wani abu ta sauka. Aku ta taka birki. Injiniya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, bai ga ko tsinke ba, siminti ne fes. Da ya miƙe sai ya ga fitila biyu sun kama a gaban sitiyari, ta birki ja, da mai ruwan ɗorawa da ke nuna matsalar shokozoba, ƙarfen da ke tare jijjiga.

"Aku, me kika taka?"

Ta dube shi, ta buɗe baki, babu abin da ya fito.

Da farko sun ɗauka tsoro ne. Aka kwana, aka wuni. A rana ta uku suka kai ta asibiti, likita ya haska maƙogwaro, ya duba kunne, ya ce shi bai ga cuta ba. Gidan da a da sai an ce wa yarinya ta yi wa Allah ta yi shiru ya zama ana jin ɗigar famfo daga ɗaki. Tana ci idan an ba ta, tana bin mutum da ido, tana jan ƙafar hagu idan ta tashi. Idan magariba ta kawo kai sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya, a jima, ɗaya. Uwar ta fita ta duba sau ba adadi, babu kowa a kan katanga, babu kowa a layi.

Shi kuwa Injiniya sai ya faɗa wa motar, domin ita ce abin da ya iya. Ya jona kwamfutar gwaji, ta ce masa birkin tayar baya ta hagu a riƙe yake, kuma wannan ɓangaren na ɗauke da kaya fiye da kima. Ya ɗaga ta da jak ya kwance tayar. Takalmin birki sabo, man birki cike, babu inda ke yoyo. Ya canza sensa, ya canza shokozoba, ya canza sifirin da bai yi laifin komai ba. Da rana fitilun su mutu. Da almuru yana tsaye yana kallo motar za ta yi ƙara a hankali ta kwanta ta hagu, kamar mai jiki ya shiga ya zauna, fitilu su dawo. Ya goge su a kwamfuta sau goma sha ɗaya. Shekara ashirin yana faɗa wa masu mota cewa fitila ba ta ƙarya, ga shi yanzu yana roƙon Allah ya sa tasa ƙarya take yi.

A rana ta tara matarsa ta same shi a ƙarƙashin motar.

"Baban Aku, fito. Don girman Allah ka fito. 'Yarka ce ta lalace, ba ƙarfe ba."

Ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, ya zauna a ƙasa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. A ranar ya je ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya, dattijo siriri wanda ba ya ɗaga murya.

Malam ya ƙi zama a ɗaki. Ya ce a shimfiɗa tabarma a inda abin ya faru. Aka zaunar da Aku kusa da tayar, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Hasken rana na ƙarewa, ya fara karatu a kunnenta. Tsakuwa ta sauko a kan rufi kamar ruwan sama, sannan ta ɗauke. Motar ta yi ƙararta ta kwanta. Sai kan yarinyar ya ɗago, wata murya ta fito daga bakinta, muryar mace babba wadda kuka ya dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Mu ne a nan kafin a zuba siminti. Ba mu taɓa damun kowa ba. Idan mun ji inji mukan janye yaranmu, idan mun ji ham mukan ba da hanya. Wannan ta zo babu sallama. 'Yata tana wasa a nan, aka bi ta kan ƙafafunta. Shi ya sa na riƙe tayar, shi ya sa nake zaune a kai. Motarku ba ta da murya, na ɗauke muryar mai tuƙin."

Malam ya ce zalunci haramun ne a kan mutum da aljan, kuma yarinya ba ta gani ba, ba ta yi da gangan ba. Muryar ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ni ma tawa ba ta ji ba. A ba ni ƙafar wannan, in bar mata bakinta."

Uwar Aku ta ƙwala salati ta rungume 'yarta. Injiniya yana tsaye a gefe. Babu wanda ya san zancen wayar sai shi da Aku, ita kuwa ba ta da bakin faɗa. Ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban 'yarsa, yana magana da wadda ba ya gani.

"Baiwar Allah, motar tana da murya. Ni na yanke ta. Da hannuna, da filaya, don in tsorata matata mu yi dariya. Yarinyar nan ba ta da laifi. Ga ƙafata, ga hannun da nake ci da shi, ɗauki wanda kike so."

Matarsa ta juyo ta dube shi, kallon da ya fi masa zafi a kan duk abin da aljana za ta yi.

"Me zan yi da ƙafarka?" in ji muryar, ta yi sanyi. "Ba za ta tayar da tawa ba. Kullum da yamma takan je wurin kakarta a gindin bishiyar da ke ƙarshen layi, da gudunta take zuwa. Kwana tara ke nan tana kallon hanya."

"Zan kai ta."

"Injiniya," Malam ya ce a hankali, "ba a ƙulla alkawari da su. Bari in ci gaba da karatu, za ta fita ko tana so ko ba ta so."

"Malam, ko ta fita, 'yar tata fa? Ni na karya ta."

Malam ya sunkuyar da kai, sannan ya juya ga aljanar. Ya sa ta yi rantsuwa cewa ba za ta sake kusantar Aku ba, ta yi. Injiniya ya shiga ƙarƙashin motar da tocila a baki, ya haɗa wayar nan biyu ya naɗe su. Ya sa ribas, na'urar ta yi kukanta, kukan da a da yake cewa yana cika masa kunne. Aku ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta miƙe ta saki. Motar ta ɗago, jar fitilar ta mutu.

"Umma," Aku ta ce da 'yar muryarta, "ƙishirwa nake ji."

Uwar ta tashi da gudu, ta yi tuntuɓe da bokiti, tana kuka tana dariya.

Fitilar birki ba ta sake kamawa ba. Ɗayar kuwa tana nan. Kullum rana ta yi ja, Injiniya yakan rufe gareji ko da mota goma na jira, ya zo ƙofar gida ya yi ham sau biyu, ya buɗe ƙofar baya ta hagu ya tsaya. Motar takan ɗan kwanta kaɗan, nauyin bai kai na buhun gawayi ba, fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama. Sai ya ja a hankali zuwa ƙarshen layi, yana kauce wa kowane rami.

Abokan sana'a sun sa shi gaba da tsiya, wai mai gyaran fitilun mutane ya kasa kashe tasa. Wani ma ya ce ya kawo ya goge masa ita kyauta, aikin minti biyu ne.

"Bar ta," in ji Injiniya. "Lafiyarta ƙalau. Ranar da ba ta kama ba, ranar zan shiga damuwa."