Wa Ke Ƙona Roba?

"Ɗan ƙwaya ne, Zahara! Da idona na gani!"

Adamou ya bugo ƙofar langa-langa har ta yi ƙara. Yayanta ne, kuma shi ne uwa shi ne uba gare ta tun da suka baro Tanout suka ƙetara hamada zuwa ƙasar waje, suka zauna a unguwar Tayuri.

"Yaya, zauna mana ka faɗa mini..."

"In faɗi me? Na tara dattawa a sa ranarku da Chamsou. Kawu Salissou na yi masa magana, sai ya ƙura wa bango ido, yana tauna baki kamar akuya, yana tsinkar maɓallin rigarsa! A kira shi, shiru. Da ya dawo hayyacinsa, wai bai san an yi ba. An fasa!"

"Kafin nan... bai ce komai ba?"

"Wai wa ke ƙona roba. Roba! A ɗakin da turaren wuta ke tashi."

Zahara ta dube shi. Ta san wannan tambayar.

Bara ne Chamsou ya faɗo daga saman wani gini da yake aiki a unguwar Manshiya, kansa ya bugi bulo. Aka ɗinke shi, washegari ya sulale daga asibiti don ba shi da takardun zama a ƙasar. Ciwo ya kame, gashi ya rufe tabo, kowa ya ce ya warke. Mu dai haka muke, in fata ta haɗe an gama magana.

Bayan nan abin ya soma. Mata suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Maza suka ce ƙwaya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wane irin aljani ne wannan da kullum sai ya aiko warin roba kafin ya iso, ko wace ƙwaya ce ke sakin mutum kafin shayi ya huce.

Zahara ce kaɗai ta tambaya. Akwai ranar da abin ya same shi suna hira a ƙofar gida, ta ɗauki bidiyonsa a waya. Washegarin faɗan nan na Adamou ta kai wa wata likita ƴar Sudan a unguwar Jadid.

Likitar ta kalla, ta sake kallo.

"Ba zan rantse ba sai an gwada shi. Amma ya yi kama da farfaɗiya."

"Ai ba ya faɗuwa, likita! Ba ya kumfa!"

"Ba kowace ke kayar da mutum ba. Ƙwaƙwalwa ma tana yin tabo. In ita ce, akwai magani, da yawa suna samun sauƙi. Amma kada ya ƙara hawa sama."

Zahara ta sami Chamsou da la'asar yana wanke siminti a hannunsa. Ta nuna masa wayar. Bai taɓa ganin kansa a haka ba. Ya daɗe yana kallo.

"Goge shi, Zahara."

"Masoyina..."

"Gara su ce ɗan ƙwaya! Ɗan ƙwaya yana tuba a karɓe shi. Mai farfaɗiya fa? Ko kofi ba za su ƙara haɗawa da ni ba, wai a miyau ake ɗauka. Kina ganin Yaya zai ba ni ke?"

"Na tambayi likita. Ba a ɗauka."

"Likita ce za ta ɗaura auren?"

Hawaye suka zubo mata. Ta san da gaskiyarsa.

"To ka tuba daga ƙwayar da ba ka sha ba," ta ce a hankali. "A ɗaura. Sannan kullum ka hau gini, ni kuma in zauna ina jiran ranar da za ka ji warin roba kana sama. Ba zan iya wannan auren ba, Chamsou. In za su hana ni kai, su hana ni a kan gaskiya."

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa na shan shayi a tsakar gidan Adamou, Chamsou ya yi sallama. An miƙa masa kofi don kunya, ya kurɓa, ya ajiye. Sannan ya ɗora wayar Zahara a kan tabarma, ya faɗi sunan ciwon da bakinsa.

Kawu Salissou ya janye kofinsa zuwa gefen ƙafarsa. Wani ya gyara zama, ya ɗan matsa.

Zahara na tsaye da farantin gyaɗa. Ta durƙusa ta ajiye. Kafin kowa ya ankara ta ɗauki kofin Chamsou, ta shanye ragowar har kumfa.

"Ke!" Kawu ya daka mata tsawa.

"Ku yi haƙuri, Kawu. In ana ɗauka, na ɗauka." Ta juya ga yayanta. "Yaya, ranar da ya faɗo, kai ka goyo shi zuwa mota. Jininsa da miyaunsa duk a wuyanka, ni na wanke rigar. Me ya same ka?"

Adamou ya sunkuya. Ya ɗauki wayar ya kalli hoton har ƙarshe. Ya dubi Chamsou, ya dubi tabon da ke leƙowa a ƙarƙashin hularsa.

"Na ce maka ɗan ƙwaya a gaban mutane," ya ce.

"Ba komai, Yaya."

"Da komai."

Ya miƙa hannu ya karɓi kofin daga Zahara. Bai ɗauraye ba. Ya ɗaga buta sama ya zuba, kumfa ta taso, ya kai bakinsa.

"Gobe ni zan raka ka gwajin, takardu ko babu. Sama kuwa ka bar ta, ka dawo kwaɓa siminti a ƙasa kusa da ni." Ya ajiye kofin. "Kawu, a ina muka tsaya a maganar sa ranar nan?"