Mazauna Cikin Sifiri

Dab da magariba Yaya ta shigo shagon, Auta na naɗe wayoyinsa zai tashi. Tun safe yake fama da kwamfutocin mutane, idanunsa kamar an watsa musu yashi. Ta ajiye masa wani tsohon filas na kwamfuta a kan tebur, ta ce hirar Baba ce a ciki, wadda ta naɗa kafin ya rasu, yau kuma ta ƙi buɗuwa. Duk duniya babu inda muryar ta rage sai nan. Ta ce bari ta leƙa kantin magani ta dawo.

Fayil in ya lalace haka sai an leƙa cikinsa da manhajar da masu sana'ar ke kira editan heks, mai nuna fayil tsirara, lambobi bibbiyu a jere. Auta yana da irinta guda biyu. Ɗaya ba ta yarda a taɓa komai sai an kwafi fayil ɗin gefe, ga ta da nawa kamar tsohuwa a kan tsani. Ɗayar kuwa duk abin da ka buga, nan take ta rubuta shi a kan asalin. Shi da yake yi wa masu kawo gyara wa'azin ajiye kwafi har su ƙosa, ya yi hamma, ya zaɓi mai saurin. Gajiya dai ba ta shawara da kowa.

Farkon fayil ɗin ne ya ɗan taɓu, ya gyara shi ba wuya. Yana gangarawa ƙasa sai ya tarar da sifiri zalla, layi bayan layi, a tsakiyar maganar Baba. Ya ja tsaki, ya ce a ransa tarkace ne. Ya zaɓi layukan farko ya goge.

Fankar kwamfutar ta yi shiru.

Ƙaurin dalma da ya saba da shi ya ɓace. Wani wari ya taso a madadinsa, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, danshi da tsohuwar tabarma. Hayaniyar titi ta yi nisa.

A gefen dama na allon akwai wurin da manhajar ke mai da lambobi haruffa. Ɗigo-ɗigo ne kawai a nan ɗazu. Yanzu haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya, alhali hannuwansa na kan cinyarsa.

*Wa ya rushe mana ɗaki?*

Da ƙyar ya iya raɗa: "Ban san da kowa a ciki ba."

*Kango muka samu muka zauna. Ba ka yi sallama ba.*

"Ku yi haƙuri. Muryar mahaifinmu ce kawai nake nema."

*Ka rage mana wuri. Za mu ƙara.*

Sifirin suka fara hawa sama. Kowane layi suka taɓa sai ya koma fanko, manhajar da ya zaɓa kuma tana rubuta musu shi a kan asalin, ba ta tambayar kowa. Yana kallo ana cinye maganar Baba.

Ya danna maɓallin janye gyara. Babu abin da ya motsa.

Ya miƙa hannu zai zare filas ɗin. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa wuyan hannu. 'Yan yatsu ne ƙanana, masu yawa.

Wani numfashi ya sauka a ƙeyarsa.

Ya ambaci sunan Allah, ya fizga da duk ƙarfinsa. Kujera ta kife, ya rarrafa ya fita, filas ɗin na ƙona masa tafin hannu. A bakin ƙofa Yaya ta same shi zaune a ƙasa.

Bai ɓoye mata komai ba. Washegari a gida suka kunna abin da ya saura. Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "'Ya'yana, ku matso kusa in gaya muku." Daga nan sai shiru. Yaya ta yi kuka, Auta kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai.

Da ta sake kunnawa, maganar ta tsaya a "ku matso kusa". A karo na gaba, "ku matso". A na ƙarshe, shi ma ya ɓace. Auta ya gwada kwafa, kwafin ya fito sifiri daga sama har ƙasa.

Tun daga ranar bai ƙara taɓa asalin fayil ɗin kowa ba, kuma ba ya barin magariba ta riske shi a shago. Filas ɗin yana wurin Yaya, a ƙulle cikin ƙyalle. Kalma ɗaya ta rage a ciki, "'ya'yana". Kullum takan ɗauko shi ta riƙe a hannu, amma ba ta kunnawa.