Ƙwallon da Aka Hana Wyatt

Akwai wani yaro a wani ƙaramin gari na jihar Kentucky. Duk duniya ba shi da gwani kamar yayansa Lamont.

Lamont ne tauraron ƙwallon kwando a sakandaren garin. Kocin jami'ar garin ya daɗe yana zuwa kallonsa. Har gida ya zo. Ya ci soyayyar kazar Mama da burodin masara, har da lasar yatsu.

"Misis Tolliver, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Lamont namu ne. Karatu kyauta, rigarsa tana jiransa."

Mama ta gaya wa kowa a coci. Ta sayo huluna masu tambarin jami'ar, don ranar da Lamont zai sa hannu a takardar shiga ƙungiyarsu.

Ana gab da ranar, sai kocin ya bugo waya. Ko arzikin zuwa bai yi ba! Wai ya samu wani ɗan wasa da ya baro wata jami'a, mai suna Corbin Haskell. Babba ne, gogagge, har da gemu.

"Ka gane, Lamont," in ji kocin, "kai sai an raine ka tukuna. Ni kuwa in ban ci wasa bana ba, korata za a yi."

Shi ke nan fa, alkawari ya sha ruwa. Mama ta zuba hulunan a kwali tana share hawaye. Abokan Lamont suka tafi jami'a, shi kuwa ya koma jera kaya a kanti. Abin nan ya tsaya wa yaron a rai.

Da aka koma makaranta, sai ga sabon ɗalibi a ajinsu. Sunansa Wyatt Haskell, ƙanen Corbin ne. Ya kuma shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar, inda yaron yake wasa, shi ne mai raba wa abokan wasansa ƙwallo a fili.

"Sannu," in ji Wyatt, ya miƙo hannu. "An ce kai ne mai ba da ƙwallo."

Yaron ya dubi hannun, ya kau da kai.

"Ba na gaisawa da ɓarayin gurbi."

"Me na sata?"

"Je ka tambayi mai gemun gidanku."

Yara suka kwashe da dariya. Wyatt ya mayar da hannunsa aljihu.

Daga ranar, ƙwallo ba ta ƙara bi ta wajen Wyatt ba. Ko shi kaɗai ne a ƙarƙashin kwando, yaron sai ya yi kamar bai gan shi ba. Kocinsu, Misis Odom, ta lura.

"Kai, idonka lafiya kuwa?" ta tambaye shi.

"Lafiya lau, Koci."

"To ka buɗe shi. Ba zan ƙara faɗa ba."

Ya ce to, amma a baki kawai.

Ranar wasan cin kofi ta zo. Zauren ya cika maƙil. Mama da Lamont suna zaune can sama. Lokaci ya kusa ƙarewa, ana gabansu da maki ɗaya, ƙwallo kuma tana hannun yaron. Mutum biyu suka tare shi. Ga Wyatt can shi kaɗai, yana ɗaga hannu.

"Ga ni! Ga ni nan!"

Yaron ya gan shi sarai. Ya ciji leɓe, ya jefa da kansa daga nesa. Ƙwallon ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Aka busa usur. Kofi ya tafi.

Abokan wasansa ko kallonsa ba su yi ba. Wani ƙarami a cikinsu yana ta kuka a kan benci.

Misis Odom ta kira shi gefe.

"Ciro rigar nan ka ba ni."

"Koci, kuskure ne!"

"Kuskure daban, mugunta daban. Ba na ajiye mai zaɓen wanda zai ba ƙwallo. Ka fita daga ƙungiyata."

Suka shiga mota, suka kama hanyar gida. Can dai yaron ya kasa haƙuri.

"Ai saboda kai na yi, Lamont."

Lamont ya juyo da ido jajur.

"Saboda ni? Ni na aike ka?"

"Yayan Wyatt ne ya ƙwace maka..."

"Corbin bai yi mini alkawarin komai ba! Koci ne ya yi, shi ya karya. Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Da na je wajensa daga baya, ina tsaye a gabansa, ya yi kamar bai gan ni ba. Yau kuma na ga ƙanena ya yi wa wani haka."

Yaron ya fashe da kuka. Mama ba ta lallashe shi ba.

"Yi kukanka, ɗana," ta ce. "In ka gama, akwai wanda za ka je ka ba haƙuri."

Washegari ya sami Wyatt yana cin abincin rana shi kaɗai. Ya zauna kusa da shi.

"Na gan ka jiya. Da gangan na hana ka. Ka yi haƙuri."

Wyatt ya daɗe yana juya cokali.

"Kana tsammani son zuwa nan muka yi?" ya ce. "Can ma wani aka kawo, aka ce Corbin ya nemi wani wuri. Na bar abokaina duka. Har karenmu sai da muka bayar."

Kunya ta rufe yaron. Bai taɓa tunanin haka ba.

Tare suka tafi wajen Misis Odom. Ta saurare su, ta harɗe hannuwa.

"Ba ni ka yi wa ba," ta ce. "Wyatt, kai za ka yanke. Ya dawo, ko kada ya dawo?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Wyatt ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ya dawo, Koci. Amma a sayo masa tabarau."

Misis Odom ta tuntsire da dariya. Ta buɗe kabad, ta jefo masa rigarsa.

"To, me ka koya?"

Yaron ya rungume rigar.

"In wani ya ɓata mini rai, ba zan huce a kan wanda bai yi mini komai ba."

"Madalla," in ji ta. "Maza ku wuce fili, ku biyun."