Aljanin da Ya Gaji da Kokwamba

Bala'i ya shiga gidan wani tsohon direba wata ranar Talata, daidai lokacin da rana ke shirin faɗuwa. Ya shigo ne cikin baƙar leda, a siffar kokwamba uku da rabin kabeji.

'Yarsa ce ta riƙo ledar. Tana aiki a shagon sayar da magani, kuma tun tana firamare yayanta ya laƙaba mata suna Tulu. Sunan ya bi ta har mahaifiyarta ma da shi take kiranta. Shekaru ta yi tana taya masu dariya dariya, in an watse ta koma ƙarshen doguwar kujerar falo da soyayyen dankali da lemon kwalba, har wurin zamanta ya lotsa ya ɗauki siffarta. Sai ranar da baƙi suka cika gidan, Yaya ya ɗaga murya daga inda yake kwance da rimot a hannu ya ce, "A kawo kujera biyu, Tulu za ta zauna." Kowa ya yi dariya ban da ita. A makon ne kuma likita ya duba sakamakon jininta, ya daɗe yana duba shi, sannan ya ce suga ya fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta yi rajista a wani gidan motsa jiki na mata, a saman shagon kayan gini. Ranar farko matakalar kawai ta hau ta zauna tana haki. Ba ta fasa ba. Kullum ta tashi daga aiki sai ta je, ta yi tafiya a kan injin gudu, ta ɗaga 'yan ƙarafa, ta dawo ta dafa ƙwai ta yanka ganye. Bayan wasu watanni riguna suka fara yi mata yawa. Ta daina neman afuwa idan wani ya taka ta. Ta fara kallon masu sayen magani ido cikin ido.

A lokacin ne aka fara jifa.

Da magariba ake farawa, sa'ad da haske ya janye daga tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru, ba abin da ake ji sai ƙarar buta. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangara a hankali. Sai shiru mai tsawo. Sai wata. Akwai yara a layin, akwai kuma tarin tsakuwa a ƙofar maƙwabci mai gini, amma babu wanda ya ga ya dace a haɗa waɗannan abubuwa biyu.

Daga nan abin ya shigo ciki. Kokwambar da aka sayo da la'asar takan ruɓe kafin isha'i. An sami kambas ɗin Tulu a cikin tankin ruwa, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ɗakinta ya riƙa ƙamshin soyayyar kaza alhali ba a ɗora mai a wuta ba. Firij kuma, duk sanda aka buɗe shi ya ga ganye, sai ya saki wani dogon nishi irin na tsohon da aka ci amanarsa. Firij ɗin ya tsufa, gaskiya ne, amma Mama ta rantse ta ji ya ce, "Haba."

Aka kira Gwaggo, yayar Baba, wadda ba ta taɓa ganin matsalar da ba ta san tushenta ba. Ta sa aka kwatanta mata gidan motsa jikin. Aka ce madubi ne ta ko'ina, ga kiɗa, ga mata suna gudu a kan inji.

"Gudu zuwa ina?"

"Ba ko'ina, Gwaggo. A wuri ɗaya."

Gwaggo ta jinjina kai. "Mutum ya yi ta gudu bai je ko'ina ba, a gaban madubi, da goshin magariba. Kuma kuna tambayar inda ta kwaso su."

Baba ya yanke hukunci a daren: ba sauran zuwa. Tulu ta ce, "Baba, likita fa ya ce in na daina…" Ya ɗaga hannu. "Likita ne ake jifan rufinsa?" Yaya daga kujera ya ce shi dama tun farko bai yarda da tulun da ke neman zama kwalba ba.

Ta daina zuwa, jifa ya tsaya cak. Firij ya yi shiru. Gwaggo ta karɓi godiya da tawali'un wanda ya saba. Tulu ta koma ƙarshen doguwar kujera, inda ramin da ta bari ya yi mata yawa, kamar rigar aro. Mama ta ajiye mata soyayyen dankali a gefe, don a kwantar da hankali. Ta ci ɗaya, ta ci biyu. Kafaɗunta suka fara komawa inda suke a da. A shago aka ji ta sake cewa "yi haƙuri" ga wani da ya bangaje ta.

Ta jure kwanaki. Wata magariba, gidan ya yi tsit, duhu na taruwa a kusurwoyi, ta miƙe ta ture farantin. Ta fita bayan gida, ta cika galan biyu da ruwa, ta fara ɗagawa tana saukewa. Dokar Baba ta hana zuwa ne, ba ta yi maganar galan ba.

Ba ta yi nisa ba kwanukan kicin suka zubo gaba ɗaya. Jifa ya sauko kamar ruwan ƙanƙara. Da aka ruga aka same ta zaune a ƙasa tsakanin galan biyun, idanunta a kafe, wata murya mai kauri, ta tsoho mai ƙoshi da ya faɗa wahala, tana fita daga bakinta.

"Ba za ku ƙara barci a gidan nan ba."

Malamin da aka ɗauko siriri ne, mai tabarau, mai magana kamar yana tsoron tada jariri. Ya sa aka zaunar da ita a falo. Ya yi karatu mai tsawo, ba gaggawa, har fitilar ɗakin ta fara rawa. Wutar layin takan yi haka, amma a wannan daren an ba ta wata fassara. Sannan ya rufe littafinsa.

"Kai wane ne?"

"Wanda aka zalunta."

"A gidan motsa jiki ka kama ta?"

Aka yi wata dariya mai ɗaci wadda ta sa Mama ta kama hannun Gwaggo. "Ni? A can? Malam, ka dube ni da kyau. Tun tana makaranta nake tare da ita. A kujerar can na same ta tana kuka tana cin biskit, na ce ga gida. Shekara da shekaru ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ta ci, na ci. Ta kwanta, na kwanta. Wa na taɓa jifa?"

Gwaggo ta sami wani abu mai ban sha'awa a jikin silin.

"Sai rana ɗaya aka hau da ni bene," in ji muryar, tana rawa. "Aka ɗora ni a kan inji. Na girmi kakan kakanka, Malam, aka sa ni tsalle da igiya. Akwai wata mata a can mai usur, ba ta da imani, kullum sai ta ce saura biyar, kuma ƙarya take. In an dawo gida a ba ni kokwamba. Ka san ɗanɗanon kokwamba? Ruwa ne da aka yi wa riga. Na sa aka hana ta zuwa, na ce Alhamdu lillahi, sai ga galan."

"To me kake so?"

"Kaza soyayya kullum. Lemo mai sanyi. A ƙona kambas ɗin nan a gabana."

Baba ya gyara murya. "Malam, in kaza ce kawai ai…"

"A'a," in ji Malam, bai ko juya ba. "Ba a biyan haya ga wanda ya shiga gida ba izini. Za ka fita."

"In je ina?"

"Daji."

"Akwai firij a daji?"

Malam ya sake buɗe littafi. Muryar ta sauko, ta fara ciniki. Rabin kaza. To, fuka-fuki kawai. To, hutun kwana biyu a mako. Malam ya ce hutu na mai jiki ne, ita za a tambaya. Tulu ta ɗan farfaɗo, gumi na zuba, ta ce da muryarta, a hankali amma ba rawa, "Gobe ranar motsa ƙafafu ce. Zan je." Wani ihu ya fita daga ƙirjinta wanda ya sa karen maƙwabta ya amsa.

"Zan fita," in ji muryar daga baya, a gajiye. "Amma ba na barin bashi. Tambaya ɗaya gare ni. Wa ya fara sa mata wannan tunanin? Muna zaman lafiyarmu. Wa ya ce a kawo kujera biyu?"

Babu wanda ya nuna kowa. Idanu ne kawai suka tafi da kansu zuwa doguwar kujera, inda Yaya yake kishingiɗe da rimot a kan ciki da ragowar dankalin da aka ture.

"Wasa fa nake," in ji Yaya. "Wasan wa da ƙanwa."

"Na gode," in ji muryar, cikin wata irin natsuwa da ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Malam ya sa aljanin ya rantse zai bar yarinyar nan, ba zai sake kusantarta ba har abada. Ya rantse da saurin da ya kamata ya sa a yi tunani. Rantsuwar ba ta ambaci kowa ba sai ita. Tulu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Mai hankali zai ce yarinya ce da aka takura ta sami hanyar faɗin abin da ke ranta, yara kuma suka gaji da jifa ranar da maƙwabci ya kwashe tsakuwarsa. Babu laifi a wannan bayanin. Washegari dai Baba da kansa ya ciro kambas daga inda ya ɓoye su, ya kai ta har ƙofar shagon kayan gini, ya tsaya yana kallo tana hawa matakalar bibbiyu. Da ta koma wurin likita, bai daɗe yana duba takardar ba. Gwaggo ta ce ita dama tun farko ta san ba daga can ba ne.

Ba a sake jifa ba. Firij ma ya daina nishi, sai dai an fi buɗe shi fiye da da. Har yau ana kiran sunan Tulu a gidan. Yaya ne ke amsawa.