Buzun Inna a Gidan Gaba

Ranar da Aƙilu ya fara ganin Karimatu, faɗa ne ya riga sallama shiga tsakaninsu.

A tashar motar Sakkwato ne, da safiyar da aka ba makarantu hutu, ana saura shekara guda Turawa su sauka daga mulki. Aƙilu, ɗan gidan fawa daga Tudun Wada, yana zaune a gidan gaba na babbar motar Ƙauran Namoda, kusa da direba. Fatun babansa na ɗaure a baya. Ya ci farar riga, yana jin kansa kamar shi ya sayi motar.

Sai ya ji an buga ƙofa da tafin hannu. Wata doguwar budurwa ce, idonta ja don fushi, da wata tsohuwa a bayanta riƙe da sanda.

"Malam, sauka. Wurinmu na," in ji budurwar.

"Wurinku? Ni nib biya shi da sahen ga."

A wancan zamani ba a san takardar mota ba. In ka biya ɗan kamasho, sai ka shimfiɗa wani abu naka a kan kujera tun jajibiri, buta ko rawani ko buzu. Shi ke nan ka kama wuri, ba mai taɓa maka. Karimatu, wadda ke koyon aikin malanta a makarantar mata, ta ce da hannunta ta shimfiɗa buzun sallar kakarta, Inna Dijatu, jiya da la'asar. Baban Karimatu, Malam Maccido na Ƙofar Marke, ɗan Inna, shi ya biya musu gidan gaba don su je hutu wurin ƙanwar Inna.

Ɗan kamashon, Tambari, ya matso yana sakace. Kawun Aƙilu ne, ƙanen mahaifiyarsa.

"Wane buzu? Ni ban ga buzu ba. Malam kuɗin baya yab biya muku. Ku hau bisa kaya ko ku koma gida."

Gaskiya Aƙilu har ya kama marfin ƙofa zai sauka ya ba tsohuwa wuri. Sai Karimatu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ina ɗan mahauta zai san girman tsohuwa?"

Ya saki marfin, ya gyara zama. "To, Alƙaliya, tunda kin yanke hukunci, a sauka lahiya."

Haka Inna ta hau kan ɗaurin fatu, cikin rana da wari da jijjigar hanya. Zaman gaban nan bai yi wa Aƙilu daɗi ba ko na minti ɗaya. Da aka tsaya a Talatar Mafara ya zagaya, ya roƙi Inna ta dawo gaba. Karimatu ce ta amsa.

"Riƙe abinka, Mai Gidan Gaba. Ba mu amsar sadakar abin da anka ƙwace muna."

Ya koma yana cizon yatsa, yana kuma mamakin yadda fuskar mai zaginsa ta ƙi fita daga ransa.

A Ƙaura, da aka kwance fatun a gaban mai saye, sai ga wani ɗauri an sake ɗaure shi da igiyar tasha, ba irin tasu ba. A tsakiyarsa akwai tsohon buzun rago, gashin ya goge a wurin goshi da wurin gwiwoyi. Nan take Aƙilu ya gane buzun Inna ne. Kawu ya sayar da wuri sau biyu, ya cusa shaidar cikin kayan ɗan 'yar'uwarsa.

Da ya dawo gida ya nuna wa babansa, tsohon ya rufe masa baki. "Ka ɓoye abin ga. Wa ka ɗaukar muna kaya in ba Tambari ba? Kuma uwarka hwa?"

Aƙilu ya ɓoye buzun a ƙarƙashin gado, amma barci ya ƙaurace masa. Bayan hutu ya ji cewa Inna ta dawo da kumburin ƙafa. Ya rubuta 'yar takarda ya ba Tasalla mai fura, wadda ke shiga gidan Malam kullum.

"Alƙaliya, ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ban ji daɗin abin da ya faru ba."

Amsa ta zo washegari.

"Mai Gidan Gaba, ƙafar Inna ba gaisuwarka take nema ba. Buzun na marigayi mijinta ne, a kansa ya yi sallarsa ta ƙarshe. Ta daina cin abinci. Kada ka sake rubuto mini."

Ya karanta har takardar ta yi laushi.

Malam Maccido kuwa ya kai ƙara gaban alƙali, domin Tambari ya mai da shi maƙaryaci a bainar jama'a. Amma duk tasha a hannun Tambari take ci, ba wanda ya yarda ya yi shaida. Har Ƙasimu, malamin kotun da Malam ke so ya ba Karimatu, ya ba shi shawara ya janye, wai manya ba su ja da 'yan tasha.

Ranar zaman, Malam ya miƙe ya fuskanci alƙali. "Allah shi gafarta Malam, buzu in yas sauka wuri, wurin ya zama na mai shi. Wanda yaɗ ɗauke shi ba da yardar mai shi ba, azzalumi na."

Tambari ya yi dariya, ya ce shi buzu bai taɓa shigowa tasharsa ba.

Nan Aƙilu ya ratsa mutane, ya shimfiɗa buzun a gaban alƙali, ya faɗi inda ya same shi da igiyar da aka ɗaure shi. Da direba ya ga asiri ya tonu, shi ma ya buɗe baki. Alƙali ya ce wanda ya karɓi kuɗin gaba ya mai da mutum baya a ɓoye, ha'inci ya yi. Ya sa Tambari ya mayar da kuɗin, ya biya maganin ƙafar, ya kuma je har gida ya ba Inna haƙuri.

A bakin kotu Tambari ya tofar da yawu kusa da ƙafar Aƙilu. "Daga yau ka nemi wani kawu, ka nemi wata mota."

Aƙilu ya ɗauka ko ba komai zai samu murmushi daga Karimatu. Ina! A ƙofar gidansu ta tare shi da yamma.

"Ashe dut kwanakin ga yana wurinka? Inna tana kuka, kai kana barci bisa buzunta?"

"Ban yi barci ba, Alƙaliya. Tsoro naj ji. Ki zage ni, na cancanta."

Ta buɗe baki, zagin ya ƙi fitowa. Ta shige gida da sauri.

Daga nan fatun gidansu suka koma bayan jakuna. Mahaifiyarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Aƙilu ya yi baƙi, ya rame, ƙafarsa ta yi faso. Wata rana ya dawo daga Gusau, Tasalla ta miƙa masa man kaɗanya a gwangwani da takarda.

"Mai Gidan Gaba, an ce yanzu a ƙasa kake tafiya. Ka shafa wannan. Maganar da na yi a tasha kan mahauta, na janye ta. Sauran ban janye ba."

Ya amsa: "Alƙaliyata, in hukuncinki ɗaurin rai da rai ne, ni dai a gidanki zan yi shi."

"Bakinka ya fi wuƙar babanka kaifi," ta rubuto. "Ka turo manya, in kana da ƙarfin hali irin na kotu."

Ya tura, Malam ya mai da su da goronsu. Ya ce gidan littafi da gidan fawa ba su haɗa zuri'a, balle jinin Tambari. Ya ce ya riga ya yi wa Ƙasimu magana, ranar Juma'a za a zo a tsayar da rana. Karimatu ta gaya wa babanta cikin ladabi cewa ba ta son wanda ya ce a janye gaskiya. Malam ya daka mata tsawa.

Ranar Juma'ar Tasalla ta kawo wa Aƙilu saƙon baki: Inna na kiransa bayan an sauko masallaci. Ya tafi. Ya tarar da zauren cike, Malam a kan darduma, Ƙasimu da mutanensa na tsaye. A daidai wurin da mai neman aure ke zama, ga tsohon buzun nan a shimfiɗe. Inna na bakin ƙofar ciki, dogare da sandarta.

"Inna, mi na na wanga?" in ji Malam.

"Tun jiya da la'asar nish shimfiɗa shi. Na kama ma yaron ga wuri." Ta nuna Aƙilu da sanda. "Kai kac ce gaban alƙali, buzu in yas sauka wuri, wurin ya zama na mai shi. To ga shi nan, na ubanka na. In kai ma Tambari na, ɗauke."

Malam ya miƙa hannu, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wurin da goshin mahaifinsa ya goge. Sannan ya janye hannun, ya juya ya ba Ƙasimu haƙuri, ya ce laifin nasa ne da ya yi alkawari bai tambayi Inna, mai ɗiya, ba.

"Zamna, Aƙilu," ya ce. "An kama maka."

An ɗaura auren a makon da aka ɗaga sabuwar tuta, mahauta da malamai a tabarma ɗaya. Tambari bai zo ba, kuma ba wanda ya tambaya. Da aka kai amarya, Aƙilu ya ɗaga mayafinta a hankali.

"Malam, matsa," ta ce, tana ɓoye dariya. "Wurina na."

"Naki na, Alƙaliyata. Wanga karon na sauka."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Inna kuwa ta ƙara shekaru tana salla a kan buzunta, ta ga 'ya'yansu suna rarrafe a gefensa.